Ranar da Aka Goge Lamba Takwas

Har yau idan warin fetur ya haɗu da ƙamshin gasasshiyar masara, sai in tuna wata Litinin. Haka safiyar wannan Litinin ta kasance. An kwana ana ruwa, babu wuta, janareton ofis yana tari a bayan taga, matar da ke gasa masara a bakin kwalbati tana fifita garwashi da murfin bokiti. Na sauka daga napep a unguwar Majidaɗi ina ɗage gefen hijabina saboda taɓo, zuciyata fes, domin a ranar ne za a ga aikin da na yi wata biyar ina fama da shi. Ina rubuta miki wannan ne, Sumayya, tun kina rarrafe, saboda Jalingo ƙaramin gari ne, kuma na san wata rana wani zai ce miki uwarki ce ta goge aikin asibiti da hannunta. Gara ki ji daga bakina kafin ki ji daga nasu.

Mu uku ne a ofishin. Akwai mai shi, Oga Hammadu, dogon Bafulatani mai sanyin murya, wanda ya fi iya zama da manya da samo kwangila a kan rubuta manhaja, ko da yake ya taɓa karatunta. Akwai Rifkatu, 'yar Mumuye daga Yelwa, wadda ta girme ni da shekara huɗu, mai dariya da dukan jikinta. Sai ni, Asma'u, sabuwar gama makaranta, mai littafin waƙoƙi a jaka da babu wanda ya taɓa karantawa. Kwamfuta mai ƙarfi guda ɗaya ce a wurin, tana kan tebur a tsakiyar ɗaki kamar tukunyar gida. Dukanmu da ita muke aiki, da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, don Oga ya ce raba wa kowa nasa ɓata lokaci ne, ai duk ɗaya muke. A lokacin maganar ta yi mini daɗi ƙwarai.

Bari in bayyana miki abin da nake kula da shi, don ba za ki gane sauran ba sai da shi. Mai rubuta manhaja yana bukatar kayan haɗi da zai gina ta da su. Masu yin waɗannan kaya kullum sabunta su suke yi, kowace fitowa da lambarta, kuma manhajar da aka gina a kan tsohuwar lamba ba lallai ta yarda da sabuwa ba. Sababbin ayyukanmu a kan lamba sha bakwai suke. Amma manhajar wani ƙaramin asibitin haihuwa da aka ba mu mu gyara mu faɗaɗa, wani ne ya fara ta shekaru da yawa a kan lamba takwas, ya tafi ya bar ta. Idan aka tashe ta da sha bakwai, sai ta yi ta zubo jajayen layuka ta mutu. Don haka na saka wa kwamfutar wata 'yar ƙaramar manhaja mai kula da lambobin. Ba ta da hoto, ba ta da maɓalli, baƙin allo ne kawai kake rubuta mata umarni. Ka ce ta lissafo lambobin da ke ajiye, ta lissafo. Ka ce ta koma takwas, kafin ka ƙifta ido ta koma. Ka ce ta cire wata, ta cire, ba ta tambayarka dalili. Ina son wannan allon. Ji nake kamar leƙa rijiya da rana, ka yi magana a hankali ta amsa maka daidai abin da ka faɗa, ba ragi ba ƙari.

Sauko da lamba takwas ya ci mini yammaci biyu, wayata a rataye jikin ƙarfen taga inda sabis ya fi kamawa, ina kallon layin da ke nuna saukarta yana tafiyar hawainiya, ya katse, in sake. Da ta gama sauka, Rifkatu ta miƙe ta rusuna wa kwamfutar.

"Sannu da zuwa, Kaka," in ji ta. "Ma'u, ka ba shi tabarma, ya gaji."

Haka Rifkatu take Hausarta, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta, kuma ban taɓa jin an kira ni da daɗi kamar yadda take kira na ba. Daga ranar lamba takwas ta zama Kaka a ofishin.

Kakanki, Baba, mai gyaran keken ɗinki ne a Sarkin Dawaki. Kakansa ne ya zo daga Zariya da allura da almakashi, aka zauna. Shagonsa cike yake da gwangwanayen madara, kowanne da ƙusoshi da ƙafafun tsofaffin kekuna da aka daina ƙerawa. Wata rana na kai masa abinci, ya tambaye ni wai mene ne ainihin abin da nake yi a ofis ɗin nan, na yi masa bayanin lambobin iya iyawata. Ya ajiye sukundireba ya dube ni.

"Wato kina ajiye tsohon ƙarfe saboda tsohon keke."

"Haka ne, Baba."

"Ashe aikinmu ɗaya," ya ce, ya yi dariya har da buga gwiwa.

Shi ne ya tsaya mini lokacin da wansa, Baffa Sale, ya ce 'ya mace ba ta zaman ofis da namiji da 'yar coci daga safe har yamma. Baba bai yi musu da shi ba, don ba ya musu da wansa. Cewa kawai ya yi, "Yaya, a bar ta mu gani." Kowa a gidan ya san abin da wannan "mu gani" ta ɗora mini a kai.

Ranar Juma'a kafin zuwan likitar da ke da asibitin don ta ga aikin, na gwada komai sau uku. Rajistar masu juna biyu tana buɗewa, ranakun awo suna fitowa, lissafin magungunan da suka kusa ƙarewa yana yin ja yadda na tsara. Rifkatu tana gefe tana ƙoƙarin ajiye nata aikin, kwamfutar tana ce mata babu wuri. Tana da cikin wata bakwai a lokacin, ƙafafunta sun kumbura, mijinta ba ya aiki, kuma Oga ya riga ya yi mata kashedi sau ɗaya saboda wani kuskure da ta yi a watan baya. Ta daki tebur da tafin hannu.

"Wallahi Kakan nan ya cinye ɗaki. Wata rana zan kore shi ya koma ƙauye!"

Muka yi dariya mu duka, har da Oga daga ƙofar ofishinsa. Na tafi gida na bar ta a kan kwamfutar.

To, Litinin ta zo. Likitar ta iso wajen ƙarfe sha ɗaya, mace mai furfura a goshi, da takalmin roba, tana duba agogo tun kafin ta zauna. Oga ya sa aka kawo mata lemo, ya gabatar da ni da cewa wannan ita ce injiniyarmu. Ban taɓa jin an kira ni haka ba. Na zauna, na buɗe baƙin allo, na rubuta umarnin komawa lamba takwas.

Allon ya ce babu wannan lambar a ajiye.

Na ɗauka kuskuren rubutu na yi, na sake. Amsa ɗaya. Na ce ta lissafo abin da ke akwai. Sha bakwai ce kaɗai a tsaye, ita ɗaya a layi, inda Kaka take babu komai. Na ce da likitar ta yi haƙuri minti kaɗan, na rataya waya a taga na ba da umarnin a sake sauko da ita. Bayan ruwan da aka kwana ana yi, sabis ɗin ko gaisuwa ba ya iya kaiwa. Layin ya motsa kaɗan ya tsaya. Oga ya ce in gwada da sha bakwai mana, ai sabuwa ta fi. Na san abin da zai faru, amma ban iya ce masa a'a a gaban baƙuwa ba. Jajayen layuka suka cika allon, suna gudu sama kamar tururuwa. Likitar ta jira fiye da yadda na zata. Ta sha rabin lemonta, ta amsa waya sau biyu, sannan ta miƙe.

"'Yata, ina da mace a kan gwiwa," ta ce da ni, ba da faɗa ba. "Idan na ɗora asibitina a kan wannan, ranar da ya yi mini haka da wa zan kama?"

A lokacin ne na juya na dubi Rifkatu. Tana tsaye jikin bango, hannu ɗaya a kan cikinta, idonta a ƙasa. Ta ƙi kallona. Maganarta ta ranar Juma'a ta dawo mini a kunne kalma bayan kalma, na ce a raina, shi ke nan, ta kori Kaka. Ta so wurin ajiye aikinta, ta rubuta umarni ɗaya, ba ta yi tunanin Litinin ba.

Mu biyu muka raka likitar har mota, Rifkatu tana riƙe mata jaka, ni ina ba da haƙurin da ba shi da amfani. Daga nan na zagaya baya na yi alwala na yi azahar a kan kwalin da nake shimfiɗawa a baranda. Na daɗe a zaune bayan sallama. A nan na yanke shawarar da nake so ki sani. Baƙin allon yana ajiye tarihin duk umarnin da aka rubuta masa, da rana da lokaci, ni da kaina na saita shi haka. Kalma ɗaya zan rubuta in ga lokacin da aka cire Kaka. Na ƙi. Na ce a raina idan na gani da idona, dole in faɗa, idan kuwa na faɗa, mace mai ciki wata bakwai za ta koma Yelwa babu aiki. Ni kuwa ina da gidan ubana, ina da tuwon Inna. Na ga kaina a wannan lokacin kamar wata fitila, Sumayya, ba zan ɓoye miki ba. Har daɗin abin na ji. Na ɗauka alheri nake yi, ban san rufe ido kawai na yi ba.

Da na shigo, Oga ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa. Yana zaune yana juya makullin mota a yatsa.

"Asma'u, wa ya taɓa abin nan?"

"Ni ce mai kula da lambobin, Oga."

"Ba haka na tambaye ki ba. Ke kika cire?"

Na dubi labulen taga yana motsi. Na ce, "Laifina ne."

Ya sauke numfashi mai tsawo. A lokacin na ɗauka baƙin ciki ne. Ya ce ya ji daɗi da na faɗi gaskiya, irin tarbiyyar gidanmu ke nan. Ya ce likitar ta riga ta kira shi, za ta kai aikin Yola, kuma shi dole ya nuna mata ya ɗauki mataki ko don gaba. Ya ce in huta a gida tukuna, zai neme ni idan ƙura ta lafa. Har ƙofa ya rako ni yana cewa "Useko, useko," wato godiya da Fulatanci. Na yi ta mamakin godiyar me yake yi mini. Rifkatu tana zaune ta ba ƙofa baya. Na ɗauki jakata, na jira ta juyo ta ce wani abu, ko da da ido ne. Ba ta juyo ba.

Na iske Baba a shago yana zare wani ƙarfe daga gwangwani. Na gaya masa an sallame ni, na gaya masa kayan da nake ajiyewa sun ɓace ranar da ake bukatarsu.

"Ke kika yar da su?"

Na ce, "Haka na faɗa wa Oga."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ina jin ya gane akwai wata magana a ƙarƙashin wannan, amma Baba ba mai tono ba ne. Ya mayar da ƙarfen cikin gwangwani ya rufe, ya ce in je gida in ci abinci. Da yamma Baffa Sale ya zo, ya zauna a zaure, ya ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida.

"To, an bar ta. Mun gani?"

Inna tana tankaɗe, ta ci gaba da tankaɗenta da ƙarfi fiye da yadda garin yake bukata. Tun daga ranar Baba bai sake tambayata komai game da kwamfuta ba, kuma bai sake cewa aikinmu ɗaya ba. Wannan ya fi korar ciwo.

Oga bai neme ni ba. Masu irin aikinmu a Jalingo ba su da yawa, duk sun san juna, duk suna haɗuwa a wuraren taro ɗaya. Na kai takarduna wurare uku. A na ukun, mutumin ya duba sunana ya yi murmushi ya ce, "Au, ke ce ta asibitin nan?" Na karɓi takarduna na fito. Daga baya na samu koyarwa a wata makarantar firamare, ina nuna wa yara yadda ake riƙe linzamin kwamfuta, a ɗakin da kwamfutocinsa biyu ne ke tashi. A can na haɗu da babanki. Ba na raina wannan rayuwar, ita ta ba ni ke. Amma na daina buɗe baƙin allo, littafin waƙoƙina ma na daina, domin duk abin da na fara rubutawa sai ya koma kan Rifkatu.

Na tsane ta, in gaya miki gaskiya. Alherin da na yi mata ya ruɓe a cikina ya zama wani abu dabam. Kullum ina jiran ta zo ta durƙusa ta ce ta san abin da na yi mata. Ta zo sau ɗaya, bayan ta haihu, da jariri a baya da doya uku a buhu, irin ta garinsu. Na leƙo ta taga na gan ta a tsakar gida tana gaisa da Inna tana dariyar nan tata, kamar babu abin da ya faru. Na ce wa ƙanwata ta ce ina barci. Ta jira har inuwa ta juya, ta ajiye doyar ta tafi. Inna ta dafa, ban ci ba.

Shekara shida ban sa ta a ido ba. Sai watan jiya, a layin rigakafi, kina kan cinyata kina cin gefen mayafina, na ji an ce daga baya, "Ma'u? Kai ne?" Ta yi ƙiba, ta sa tabarau, tana riƙe da ɗanta na uku. Ta matso kan bencin ba tare da ta nemi izini ba, ta ɗauke ki ta juya ki ta ce goshin nawa ne. Na amsa gaisuwarta da guntayen kalmomi. Sai ta dube ni.

"Na je gidanku sau biyu bara, an ce ka yi aure ka tashi. Akwai magana."

"Ina ji."

"Ni fa duk shekarun nan na ɗauka kai ka goge Kaka."

Na ce, "Ni? Ke fa kika ce za ki kore ta!"

"Wasa nake, Ma'u! Ni zan taɓa Kaka? Ranar nan na kasa kallonka ne don kunya ya kama ni a madadinka. Da ka tafi, Oga ya ce ka amsa da bakinka, ya ce kada in tayar maka da maganar, zai ƙara maka ciwo."

Ma'aikaciyar jinya ta kira lamba, ba tamu ba. Rifkatu ta gyara ɗanta a kafaɗa ta ci gaba. Ta ce bara Oga ya rufe ofishin ya koma harkar gwamnati, ya ba ta tsohuwar kwamfutar ta share kafin a sayar. Kafin ta share, sai ta buɗe tarihin baƙin allon, don kawai ta ga tsofaffin ayyukanmu ta yi kewa. Ta yi ta komawa baya har ta kai wannan makon. Umarnin cire lamba takwas yana nan. Ranar Lahadi aka rubuta shi, ƙarfe goma na safe, lokacin tana coci, ni ina gida, makullin ofis kuwa mutum ɗaya ne yake da shi. Layin da ke biye, umarni ne na kwafe bidiyon bikin ƙanin Oga zuwa cikin kwamfutar. Wurin ajiya ya nema.

Na ce wataƙila bai san abin da ya cire ba. Wataƙila har ya sallame ni bai haɗa abin da ya yi ranar Lahadi da abin da ya faru ranar Litinin ba. Ina so ya zama haka, Sumayya, ko don in samu inda zan ajiye shekara shida.

Rifkatu ta girgiza kai. Ta ciro wayarta, ta nemo hoton allon da ta ɗauka, ta miƙo mini. Ƙarƙashin umarnina na ranar Litinin, waɗanda na yi ta maimaitawa a gaban likita, akwai layi ɗaya da ba ni na rubuta ba, ba kuma Rifkatu ba. Umarnin duba tarihi ne. An rubuta shi ƙarfe ɗaya da kwata, lokacin ina baranda a kan kwali ina sallah, minti ashirin kafin Oga ya kira ni ya tambaye ni wa ya taɓa.